An kira ni intabiyu a kamfanin girgije, amma na kasa a gwajin farko: in janye?

Assalamu alaikum Malam. Shekara shida ke nan ina aikin manajar samfur a wani kamfanin manhaja. Ni ke jin koken masu amfani da manhajarmu, in tsara abin da za a fara ginawa da abin da zai jira, in bi injiniyoyi har a gama. Ban karanta kimiyyar kwamfuta ba, fannin kasuwanci na yi. Yanzu wani babban kamfani mai sayar da hidimar girgije, wato hayar kwamfutoci da wurin ajiyar bayanai ta intanet, ya kira ni intabiyu nan da mako biyar, kuma akwai zagayen da za a ba ni matsala a ce in zana a allo yadda za a gina tsarinta cikin minti 45. Na roƙi wani injiniya abokin aikina ya gwada ni. Ya ce in tsara manhajar ɗora hotuna. Na hau zana akwatuna da kibiyoyi yadda na gani a bidiyo. Da ya tambaye ni me ya sa na zaɓi wannan rumbun bayanai na bar wancan, sai na yi tsit. Da muka tashi ya ce, "Gaskiya wannan ba filinki ba ne." Tun ranar barcina ya ragu. Na haddace sunayen hidimomi sun fi talatin, amma ban san lokacin da ake ɗaukar kowace ba. Maigidana ya ce in biya kuɗin jarrabawar satifiket. Ƙawata ta ce in janye kada in sha kunya, in jira baɗi. Ga aiki ga yara biyu, awa ɗaya da rabi kawai nake samu da dare. Malam, me zan yi?

Wata mai karatu

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki janye. Amma bari mu fara da maganar da ta hana ki barci, don in ba mu cire ta daga ranki ba, duk karatun da za ki yi da dare ba zai zauna ba.

Abokin aikinki ya yi miki tambayar da ta dace, sannan ya yanke hukuncin da ya fi ƙarfin abin da ya gani. Zama ɗaya ya gani, ba tare da kin shirya ba, kuma ya auna ki da ma'aunin da aka auna shi lokacin da shi ya nemi aiki. Ban ga mugunta a ciki ba. Injiniyoyi da yawa haka suke magana, kai tsaye, ba sa tsayawa duba inda maganar za ta sauka. Ki ajiye hukuncin a gefe, ki riƙe tambayar. "Me ya sa kika zaɓi wannan kika bar wancan?" ita ce intabiyun gaba ɗaya. Kuma abin da nake so ki lura da shi shi ne, wannan tambayar kina amsa ta kullum a ofis. Duk ranar da kika ce a fara gyaran shafin biyan kuɗi, sabon fasali ya jira wata mai zuwa, kin auna riba da asara ne kin zaɓa. Abin da ya rage miki shi ne ki san ribar da asarar da ke cikin kayan da injiniyoyi ke aiki da su.

Gobe da safe, kafin ki buɗe kowane bidiyo, ki rubuta wa jami'in ɗaukar aikin da ya tuntuɓe ki. Ki tambaye shi wa zai yi miki wannan zagaye, injiniya ne ko manajan samfur, ko za a nemi ki rubuta lambar kwamfuta, wato umarnin da ake gina manhaja da shi, da kuma irin zurfin da ake tsammani daga mai neman matsayinki. Kamfanoni sun bambanta sosai a nan, kuma wannan jami'in yana son ki ci, domin cike gurbin shi ne aikinsa. Matambayi ba ya ɓata. Amsarsa za ta iya rage miki rabin abin da kike shirin karantawa.

Na sha zama a ɓangaren masu tambaya, kuma ga abin da ke zuciyar mai tambayar manajan samfur: in muka ɗauki wannan baiwar Allah, za ta je ta yi wa abokin ciniki alkawarin da ba za mu iya cikawa ba? In injiniya ya ce mata abu zai ɗauki wata shida, za ta gane dalili, ko kuwa za ta iya tambayar da za ta fito da hanyar wata biyu? Kyan zanenki bai dame shi ba. Wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne mai zuba sunaye, ya ce Kafka, ya ce Kubernetes, ya ce Redis, alhali bai tambayi ko mutum nawa ne za su yi amfani da abin ba. Hanyar da kika ɗauko ta haddar sunaye talatin can take kai mutum, shi ya sa nake so ki sauka daga kanta tun yanzu.

Bari mu koma kan manhajar hotunan, mu yi ta tare yadda zan so in ji ki a ranar. Minti biyar zuwa goma na farko, kada alƙalaminki ya zana akwati ko ɗaya. Ki yi tambaya. Su wa za su yi amfani da ita, kuma a ƙasa ɗaya suke ko a nahiyoyi? Hotunan na kowa da kowa ne ko na sirri? In mutum ya goge hoto, dole ya ɓace nan take? Me ya fi ciwo, hoto ya yi jinkirin buɗewa ko ya ɓata baki ɗaya? Ki rubuta amsoshin a gefen allo, ki faɗi abin da za ki gina da abin da kika bari da gangan. Nan ne filinki, kuma injiniyoyi da dama a nan suke tuntuɓe.

Sai lissafi, wanda ba ya wuce na firamare. A ce an ba ki mutum miliyan 10 a rana. Ki ɗauka ɗaya cikin goma ne ke ɗora hoto, hoto miliyan 1 ke nan. Rana ɗaya sakan 86,400 ce, wannan lambar ki haddace ta, ita kam ta cancanci hadda. In kika raba, hoto 12 ne kacal a sakan. In kowane hoto megabait 2 ne, ana tara terabait 2 a rana, kusan 730 a shekara. To kallo fa? In kowa na kallon hoto 50, kallo miliyan 500 ke nan, wajen 5,800 a sakan, kuma a lokacin cunkoso ki ninka shi sau biyu ko uku. Kin ga abin da lissafin ya faɗa miki? Ana kallo sau 500 kafin a ɗora sau ɗaya. Ashe nauyin yana wajen kallo da wajen ajiya. Yanzu kowane akwati da za ki zana yana da dalilin zuwansa.

Hotunan kansu za su tafi ma'ajiyar fayiloli irin S3, wadda Amazon ya ƙaddamar a 2006, domin an gina ta ne don tara manyan fayiloli da arha. Rumbun bayanai kuma zai riƙe ƙananan bayanai: hoton wane ne, yaushe aka ɗora, ina yake. Da abokin aikinki ya tambaye ki me ya sa wannan rumbu, amsar da za ta gamsar da shi ba ta wuce haka ba: "Bayanan suna da alaƙa da juna, mutum da hotunansa da abokansa, kuma rubutu 12 a sakan ba komai ba ne ga rumbu irin PostgreSQL, don haka da shi zan fara. In muka kai girman da rumbu ɗaya ya gaza, sai mu duba rarraba bayanan ko mu koma irin DynamoDB, amma mu sani za mu rasa sauƙin haɗa tambayoyi masu sarƙaƙiya." Ba ki rubuta lamba ko layi ɗaya ba, amma kin zaɓa, kin faɗi dalili, kin faɗi abin da aka rasa.

Haka za ki bi sauran. Sabobi da yawa, wato kwamfutocin da ke amsa buƙatun masu amfani, a bayan mai raba lodi da ke raba musu aikin, don in ɗaya ta faɗi sauran su ci gaba. Ma'ajiyar kusa, wadda ke riƙe abin da aka fi nema don kada a riƙa damun rumbu, amma wani lokaci takan nuna tsohon bayani. Sabobin da aka baza kusa da masu kallo, waɗanda ake kira CDN, kuma dalilinsu na kimiyya ne: haske a cikin wayar fayiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan, don haka saƙon da zai je nisan kilomita 10,000 ya dawo ba zai gaza kashi ɗaya cikin goma na sakan ba, komai kuɗin da aka zuba. Sai layin jira, inda ake ajiye aikin da ba na gaggawa ba, kamar rage girman hoto, a ce wa mutum "an karɓa" sannan a ƙarasa a baya. Waɗannan 'yan kayan su ne ginshiƙin mafi yawan tambayoyin da ake yi. A kan kowanne ki iya faɗin matsalar da yake magancewa da sabuwar matsalar da yake kawowa, ya ishe ki.

Akwai wuri biyu da nake so ki daɗe a kansu, domin a nan ne manajan samfur ke nuna kansa. Na farko maganar tara-tara. Za ki ji ana cewa hidima tana aiki kashi 99.9 cikin ɗari, ko 99.99. A ido bambancin kaɗan ne. A agogo kuwa, na farko yana nufin an yarda hidima ta tsaya kusan awa 8 da minti 46 a shekara, na biyu kuma kusan minti 53. Kowace tara da aka ƙara tana cin kuɗi da ma'aikata: kwafin komai a cibiyar bayanai fiye da ɗaya, injiniyoyi masu jiran kira da dare, gwaji a kai a kai. Wa zai ce tarar nan ta cancanci kuɗinta? Ke ce. Manhajar hotunan nishaɗi da manhajar asibiti ba buƙatarsu ɗaya ba. Google ya yaɗa wata dabara mai kyau a kan haka: in burinku 99.9 ne, kuna da kusan minti 43 a wata da aka yafe muku, in kun cinye su sai a dakatar da sakin sabbin fasali a koma gyara. Wannan yarjejeniya ce tsakanin kujerarki da ta injiniyoyi, kuma in kika kawo ta da kanki, mai tambaya zai san kin san inda rigimar take. Ki kuma bambanta samuwa da dorewa. An tsara S3 a kan tara guda goma sha ɗaya, wato kashi 99.999999999 cikin ɗari, wajen kada fayil ya ɓata, amma wannan ba alkawari ba ne cewa kullum za ki iya buɗe shi.

Na biyu shi ne ka'idar da ake kira CAP, wadda Eric Brewer ya gabatar a 2000, Seth Gilbert da Nancy Lynch suka tabbatar da ita a 2002. Sunan ya fi abin ban tsoro. In bayananki suna wuri biyu, sadarwa ta yanke a tsakaninsu, to dole ki zaɓa: ko ki ci gaba da amsa wa mutane da bayanin da wataƙila ya tsufa, ko ki ƙi amsawa har sai wuraren sun daidaita. In adadin masu son hoto ne, ya nuna 204 maimakon 207 na ɗan lokaci, ba wanda zai yi kuka. In ragowar kuɗin asusun mutum ne, gara a ce masa ya dakata. Injiniya ya san yadda ake gina kowanne. Wanda ya san abin da mai amfani zai iya haƙura da shi, shi ke zaɓa.

Kafin lokaci ya ƙare, ki tambayi zanenki da kanki, kada ki jira a tambaye ki: in wannan akwatin ya mutu, me mutum zai gani a wayarsa? Ki karanta rahotannin da kamfanoni ke fitarwa bayan hidimarsu ta tsaya, don babu darasin da ya kai su daɗin karatu. Ranar 28 ga Fabrairu 2017, wani ma'aikaci a Amazon ya yi kuskure wajen shigar da umarnin cire 'yan sabobi kaɗan, aka cire fiye da yadda aka yi niyya, S3 ta tsaya a yankin arewacin Bajiniya da ke Amurka na wajen awa huɗu, shafuka masu yawa suka tsaya tare da ita. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, shafin da kamfanin ke sanar da jama'a halin da hidimominsa ke ciki, shi ma ya dogara da S3, sai aka kasa sabunta shi. Irin wannan ramin manajan samfur na iya hango shi kafin kowa, domin shi ne ke tunanin me za a gaya wa abokin ciniki a ranar da abu ya lalace.

Kuma tunda kamfanin da ya kira ki girgije yake sayarwa, ki tuna cewa mai amfani da samfurinki shi ma injiniya ne ko kamfani. Wannan yana canza abubuwa. In kika sauya API, wato ƙofar da manhajar wasu ke bi ta yi magana da taku, ba tare da sanarwa ba, kin karya manhajar wasu. In abokan ciniki da yawa suna raba na'ura ɗaya, dole a sa wa kowa iyaka don kada ɗaya ya danne sauran. Za a yi miki maganar inda bayanai ke zaune, musamman tun da dokar GDPR ta Tarayyar Turai, mai kare bayanan mutane, ta fara aiki a watan Mayun 2018. Za a yi maganar kuɗi, domin a manyan kamfanonin girgije shigar da bayanai yawanci kyauta ne, fitar da su ne ake caji, kuma manhajar hotunanki mai kallo miliyan 500 a rana a nan za ta fi jin jiki. Sai rabon alhakin tsaro: kamfani na tsare gine-gine da na'urori, abokin ciniki na tsare wa ya ba izinin shiga bayanansa.

Yanzu maigidanki. Shawararsa ta mai son ki ce, yana neman abin da za a iya riƙewa a hannu. Sai dai jarrabawar matakin farko, irin AWS Cloud Practitioner ko AZ-900 ta Microsoft, ta fi koyar da sunayen hidimomi da aikin kowace, kuma sunaye ba su ne suka kayar da ke ba. Ki bar ta zuwa bayan intabiyu. Ki gode masa, ki ce akwai taimakon da ya fi kuɗin: ya riƙe yara safiya ɗaya a ƙarshen kowane mako, awa uku, don ki yi cikakken gwaji ba tare da an katse ki ba. Ƙawarki kuma kunya take guje miki, ki fahimce ta. Amma a ɗakin intabiyu ba wanda ke shan kunya a idon duniya, mutum ɗaya ne ko biyu, kuma sun ga ɗaruruwa. Akwai dai gaskiya ɗaya a tsoronta: kamfanoni da yawa suna sa wanda bai ci ba ya jira wasu watanni kafin ya sake nema. Ki tambayi jami'in tsawon wannan jira. In kika kai mako na uku kika ga har yanzu ƙafarki ba ta tsaya ba, ki nemi a ɗaga miki da mako biyu. Ana yawan amincewa da hakan, kuma ya fi janyewa nesa ba kusa ba.

Awa ɗaya da rabi sau mako biyar ya haura awa hamsin, ya isa in ba a watsa shi ba. Mako biyun farko ki ba kayan da muka ambata, ɗaya a kowane dare, kuma ki taɓa su da hannunki. Ki buɗe asusun gwaji na kyauta, ki fara da saita ƙararrawar kuɗi don kada a caje ki ba ki sani ba, ki ɗora fayil, ki buɗe shi, ki rufe izininsa ki ga saƙon da zai fito. Abin da hannu ya taɓa ba ya saurin fita daga kai. Daga mako na uku ki daina karatu shiru. Ki sa agogo minti 45, ki ɗauki matsala ɗaya, tsarin tura sanarwa, ko na gajarta adireshin intanet, ko na biyan kuɗi, ki yi magana da ƙarfi kina naɗar muryarki a waya. Jin muryar zai yi miki nauyi da farko, amma a nan za ki kama inda kike tsallake dalili. In kika zo kan biyan kuɗi, ki tambayi kanki me zai faru in mutum ya danna "biya", intanet ta yanke, ya sake dannawa. Maganin shi ne kowace buƙata ta zo da lambar shaidarta, in ta sake zuwa a gane ta, kada a cire kuɗi sau biyu. Darare biyun ƙarshe ki rufe komai ki yi barci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A ranar, za a kai ki inda ba ki sani ba. Da gangan ake yi, ana so a ga iyakarki da yadda kike tsayawa a bakinta. Kada ki ƙirƙiro amsa, ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma injiniya yana ganewa a tambaya ta biyu. Ki ce, "Ban taɓa aiki da wannan ba. Ga yadda nake zaton yake, ga kuma abin da zan tambayi injiniyana kafin in yanke shawara." Na taɓa ganin wata ta faɗi kusan haka sau biyu a zama ɗaya, muka fito dukkanmu muna son a ɗauke ta, domin mun ga yadda za ta yi aiki da mu.

Shi kuma abokin aikin naki, ki koma wurinsa a wannan makon. Ba sai kin tayar da maganar da ya faɗa ba, sai dai in tana ci miki rai, to ki gaya masa a natse cewa ta yi miki ciwo, yawanci irinsu ba su ma san sun yi ba. Ki roƙe shi minti talatin ya zana miki tsarin manhajar da kuke aiki a kanta, wadda kika shekara shida kina sanin kukan masu amfani da ita. A kan kowane akwati ki mayar masa da tambayarsa: me ya sa wannan, me aka bari, wane ne ya fi tashin ku da dare? Daga nan za ki samu labarin gaske da za ki bayar in an ce ki kawo misali daga aikinki. In mako na huɗu ya zo, ki ce ya sake gwada ki da manhajar hotunan nan dai.

Allah ya ba da sa'a, 'yar'uwa. Ki rubuto mini abin da jami'in ya ce game da zagayen, in akwai rubuta lamba a ciki sai mu sake duba jadawalin.